Hannu Biyu a Fayil ɗin Saiti

Matso da kujerarka nan kusa, ka kife wayar nan ta ɗan huta, ka ba ni hankalinka. Labarin wata mata zan ba ka, wadda ko kun yi kiciɓis a hanya ba za ka waiga ba. Gajeriya ce, mai ɗan jiki, kullum da ƙatuwar jaka a kafaɗa da tabarau rataye a wuya. Duk layin da take aiki Yaya ake ce mata, har tsohon da ke gyaran takalma a gindin matakala, wanda a haife ya haife ta. Ƙaninta ne ya jawo mata sunan. Tun yana rarrafe yake kiranta haka, mutane suka ji a bakinsa suka ɗauka.

Shi kuwa ƙanin, Auta take ce masa har yau, alhali ya yi sanƙo, ya ajiye tumbi, 'yarsa ta fari ma tana jami'a. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta yi masa wanka, ita ta riƙe hannunsa ranar da aka cire masa haƙori, ita ce kuma ta fara ganin matar da zai aura ta ce ta yi. Don ta ciyar da su ne ta kama aikin buga tafireta tun tana budurwa, irin tafiretar nan da in ka kuskure harafi ɗaya sai dai ka zare takardar ka faro daga sama. A can ta koyi kallon rubutu harafi-harafi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da kwamfuta ta shigo ofishin, abokan aikinta suka riƙa zagaye ta kamar an ɗaure musu kare a tsakar ɗaki. Yaya ta jawo kujera a lokacin hutun rana, tana latsa nan tana latsa can, har suka saba da juna.

Shekaru suka tura. Auta ya yi karatu, ya buɗe ɗan ofishinsa, ya zo har gida ya ce Yaya ta bar aikin mutane ta zo su yi nasu. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai fenti. Tebur biyu ne suna kallon juna, da fanka mai ciwon wuya wadda ba ta juyawa sai an mare ta, da butar lantarki ta dafa shayi, da taga mai kallon tashar bas. Aikinsu kula da manhajar ƙananan asibitoci da makarantu. Auta ke rubuta manhajar, shi ke hawa babur ya je ya yi wa masu wuri bayani. Yaya kuwa fayilolin saiti ne a hannunta, kuma babu mai sa musu yatsa sai ita.

Kada ka ce ba ka san fayil ɗin saiti ba ka tashi, abin ba wuya. Ɗan rubutu ne da manhaja take karantawa duk sanda aka tashe ta, kamar direban da ke duba allon ofis da safe ya ga ina da ina za shi. Shi ke gaya mata: ga inda za ki aika saƙo, ga mabuɗin da za ki nuna a buɗe miki, ga inda za ki ɗebo rahoto. Waɗannan wuraren duk adireshin intanet ne, dogaye, cike da alamomi, kuma a nan rigimar take.

Akwai alamar nan mai kama da igiyar da aka ƙulla, wato &, wadda Yaya ke kira ƙulli. A cikin adireshi ita ke haɗa gaɓa da gaɓa: lambar mai karɓa, ƙulli, mabuɗi, ƙulli, saƙo. To amma irin fayil ɗin da suke aiki da shi yana da nasa amfanin da yake yi da wannan alamar. Da ya gan ta tsirara sai ya ɗauka da shi ake magana, ya tsaya jiran umarni, in bai samu ba ya rikice ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa ba a rubuta ta haka kawai. Sai an rubuta ƙullin an bi shi da a, m, p da waƙafi mai ruwa, sannan fayil ɗin ya gane baƙuwa ce mai wucewa, ya miƙa ta ga manhaja a matsayin ƙulli ɗaya. Wannan shi Yaya ke kira sa riga. Akwai kuma #, wadda take kira shinge. In ta faɗo cikin mabuɗi ba riga, duk abin da ke bayanta yanke shi ake yi a bar shi a gida, mabuɗin ya isa can guntu. Ita rigarta daban ce, %23 ake rubutawa a madadinta.

Da hannu Yaya take sa rigunan nan. Ta ɗora yatsa a jikin gilashin kwamfuta, ta bi adireshin daga kai har wutsiya, leɓɓanta na motsi. Gilashinta duk shatin yatsa ne.

Auta kan ce, “Yaya, akwai fa ɗan abin da ke yin aikin nan cikin ƙiftawar ido. Zuba masa adireshi kawai za ki yi.”

“Ka zuba masa naka,” in ji ta. “Ni nawa ina so in san kowa da fuskarsa.”

Haka aka yi shekaru, ba a taɓa kiransu an ce adireshi ya karye ba. Sai ido ya fara ba ta labari.

Da farko ta ɗauka tabarau ne ya tsufa, ta canza. Sai ta ɗauka gilashin kwamfuta ne ya yi datti, ta goge. Ta ƙara girman rubutu, ta sake ƙarawa, har adireshi ɗaya ya riƙa naɗewa yana cika rabin gilashi. Maigidanta, mai gyaran agogo ne a barandar gidansu, mutum mai sanyin murya da tsokana ƙasa-ƙasa, shi ya fara fito da maganar fili.

“Injiniya,” ya ce, don haka yake kiranta, “jiya fa ina kallonki kika gaida rigata da ke rataye a ƙofa.”

“Ta fi ka amsa gaisuwa,” ta ce.

Amma dai ta bi shi wurin likita. Likita ya haska, ya duba, ya ce yanar ido ce ta fara rufe mata gani, na dama ya fi. Ya ce ƙaramin aiki ne, ta shiga da safe ta fito ta ci abincin rana a gida. Yaya ta yi godiya, ta sa takardar a can ƙasan jaka, ta ɗora kwalin magani da laima a kai. A hanya ta ce wa maigidan, “Ƙaramin aiki, wai. Idona ne fa, ba tayar keke ba.” Gaskiyar magana tsoro take ji, kuma ba ta saba a ga tsoronta ba.

Wata rana da hantsi suna shan shayi, Auta ya yi ta juya cokali a kofi har sukarin ya gaji da narkewa. Sannan ya ce, “Yaya, ina ganin ki karɓi ɓangaren waya da hulɗa da mutane. Kin fi ni iya baki.”

“Ni na fi ka iya baki? Tun yaushe?”

“To, sun dai fi jin maganarki.”

“Faɗi abin da ke ranka, Auta. Na san fuskar nan tun kana ɓoye min sakamakon jarrabawa a cikin takalmi.”

Ya ajiye cokalin. “Idon ne, Yaya. Jiya a gefen kofi kika zuba sukari. Fayilolin nan kuwa ɗigo ɗaya ke kashe su. Ki bar min su, ki huta.”

Ta dube shi, ko in ce ta dubi inda sanƙonsa ke sheƙi, don shi take gani sosai. Maganar ta soke ta, kuma ba don ƙarya ba ce. Tun tana budurwa abu ɗaya ta san ta iya fiye da kowa a duk ɗakin da ta shiga, shi ne kallon rubutu. Yanzu yaron da ta goya yana so ya mayar da ita mai cewa “halo.”

Ana cikin haka kuwa ga aiki a gabansu. Akwai wani ƙaramin asibitin mata da yara da suke kula wa da manhaja, wadda ke aika wa iyaye saƙon waya tana tuna musu ranar rigakafi da ranar awo. Kamfanin da ke ɗaukar saƙonnin ya canza wuri, ya aiko da sababbin adireshi biyu: ɗaya na aika saƙo, ɗaya na ɗebo rahoton ƙarshen wata. Tsohon zai mutu da wayewar gari, sabon kuma sai a lokacin zai fara aiki, don haka babu halin gwaji tun yau.

Yaya ta ce, “Bari mu yi ta a fili. Wannan na asibitin ni zan yi, ni kaɗai. In ya fita lafiya, ba ka ƙara yi min maganar waya. In aka samu kuskurena a ciki, na bar maka fayilolin har abada, ba sai ka sake juya cokali ba.”

“Yaya, ba gasa muke ba.”

“Ka yarda ko ba ka yarda ba?”

Ya ce ya yarda.

Ta aika gida aka kawo mata gilashin nan da maigidan ke maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Ta rufe taga don hasken waje yana kashe mata gani, ta zauna. Aikin da a da take gamawa kafin shayi ya huce, ranar ya cinye mata yammacin gaba ɗaya. Ta bi adireshin farko da yatsa, duk ƙullin da ta tarar ta sa masa riga. Ta koma baya ta sake bi. Idon ya riƙa kawo ruwa, tana gogewa da gefen gyale. Ta yi na biyun ma haka. Da ta gama, wuyanta ya sage, ta adana fayil ɗin, ta ce, “Ga shi nan, ka tura musu.” Don shi Auta ke tura fayil zuwa kwamfutar asibitin. Ta ɗauki jakarta ta sauka, tana lalubar ƙarfen matakala.

Yanzu ga abin da Yaya ba ta sani ba, kai kuma gara ka sani. Tana sauka, Auta ya leƙa ta taga ya ga tana tsallaka titi a hankali, tana ɗaga hannu ga motocin da suka riga suka tsaya mata. Tausayinta ya kama shi. Shi da ya kawo maganar da safe, sai ga shi ba ya so ta faɗi. Ya ce a ransa, bari in taimaka mata ba tare da ta sani ba. Ya buɗe fayil ɗin, ya kwashi adireshin biyu, ya zuba su a ɗan abin nan nasa mai sa riga, ya mayar, ya tura. Bai tsaya karantawa ba, don ji yake kamar yana binciken jakarta, sauri yake ya rufe. Zatonsa, inda ta riga ta sa riga abin zai tsallake, inda ta manta kuma ya rufa mata asiri. Ya kulle ofis ya tafi gida da zuciya fara, har da sayen lemo a hanya.

Washegari Yaya ta riga shi zuwa. Ta share ɗakin, ta ɗora buta, ta zauna tana jira. Rana ta ɗan ɗaga sai wayar ofis ta yi ƙara. Sista ce, shugabar ma'aikatan jinyar asibitin, mace mai magana a tsaye.

“Yaya, ina kwana. Ko saƙo ɗaya bai fita ba. Gobe rigakafi, kuma kin san matan nan, sun saba sai wayarsu ta yi ƙara suke tunawa. In abin ba zai gyaru ba ki gaya min tun yanzu, in raba wa ma'aikata lambobi mu kama kira ɗaya bayan ɗaya.”

“Ki ba mu zuwa anjima kaɗan, Sista.”

“Na ba ku. Amma anjiman ta zama ta yau.”

Yaya ta ajiye wayar a hankali. Auta ya shigo a daidai lokacin, ya ji ƙarshen maganar, ya tsaya da hular babur a hannu. Ya buɗe tasa kwamfutar ya duba amsar da kamfanin saƙo ya dawo da ita. Cewa take babu mabuɗi a cikin abin da aka aiko.

Yaya ta buɗe fayil ɗin, ta maƙala gilashin agogo, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa kwamfutar. Idon da ya sha wuya jiya ya ƙi. Haruffan suka riƙa narkewa suna shiga juna. Ta cire gilashin, ta jingina, ta rufe ido.

“Zo ka karanta min,” ta ce. “Harafi-harafi, kada ka haɗiye komai. Ni in saurara.”

Ya zagayo ya tsaya a bayanta ya fara. Ya karanta kan adireshin, ya wuce alamar tambaya, ya wuce gurbin lambar mai karɓa. “Ƙulli,” ya ce, “a, m, p, waƙafi mai ruwa, a, m, p, waƙafi mai…” Sai muryarsa ta yi ƙasa, ta ɗauke.

“Sake.”

Ya sake, kamar mai tauna magani.

Yaya ta buɗe ido. Ta gane abin da ya faru tun kafin ya rufe baki. An sa riga a kan riga. Fayil ɗin ya cire ta sama kamar yadda ya saba, ya miƙa wa manhaja ƙulli da sauran riga a jikinsa. Can kamfanin saƙo suka ga tarkacen haruffa manne a gaban sunan mabuɗi, ba su gane shi ba, suka ce ba a kawo ba.

“Sau biyu na sa,” ta ce a hankali. “Na bi na farko, na dawo ban ga na sa ba, na sake. Ni ce.” Ta ɗan yi murmushi. “To, an gama. Cire ta saman ka tura musu, mata na jira.”

Ya zauna a kujerarta ya gyara ya tura. Ita kuwa ta miƙe ta fara tattara kayanta daga teburin: kofinta, ɗan matashin da take sa wa baya, hoton jikokinta, kwalbar man zafi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gunaguni ba. Tana ɗauka tana jerawa a ƙaramin teburin da wayar ofis take.

Ka ga, a nan Auta zai iya yin shiru. Da ya yi, ya samu abin da ya nema jiya, babu rigima, babu mai sani. Yaya na jin numfashinsa a bayanta, tana zaton tausayinta yake ji, abin da ta fi tsana ke nan.

“Yaya, ajiye kayan nan.”

“Alkawari muka yi.”

“Ba ke ba ce. Ni ne. Bayan kin tafi na zuba su a abin nan. Na ɗauka zai tsallake inda kika sa.”

Ta juyo da matashin a hannu.

“Ka bi bayana.”

“Taimako na so in yi.”

“Ka bi bayana, ka sa wa mai riga riga, ka tafi gida ka yi barci.”

“Har da lemo na saya,” ya ce, kansa a ƙasa.

“Da ka karanta fa?”

“Kunya na ji.”

“Kunyar karantawa ka ji, ba ka ji kunyar taɓawa ba.” Ta ɗaga matashin kamar za ta maka masa, shi kuma, mai 'ya a jami'a, ya kare kansa da hannu. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa bayan an tsorata. Ta zauna a bakin tebur tana goge ido. “Kai dai ba ka canza ba. Haka ka taɓa ƙara wa miya gishiri don ka taya ni, bayan na riga na sa.”

Ba a jima ba Sista ta sake kira. Saƙonni sun fara fita, har wata mata ta bugo tana tambaya ko za ta iya zuwa da tagwaye a layi ɗaya. Yaya ta ba ta haƙuri, Sista ta ce ya wuce, ta kashe.

Auta ya saki ajiyar zuciya, ya fara mayar mata da kayanta teburin, yana jera su yadda ba haka suke ba. “To, kin ci,” ya ce. “Maganar waya ta mutu. Ba zan ƙara ba.”

“Saura na biyun.”

“Na cire masa ta saman shi ma. Kuma wannan sai ƙarshen wata za a neme shi.”

“Karanta min dai.”

Ya karanta, yanzu da ƙarfin gwiwa, har yana ɗan rera muryar. Ƙulli na farko riga ɗaya, na biyu riga ɗaya. Ya shiga mabuɗin: “k, bakwai, babban R, shinge, t, huɗu…”

“Tsaya. Koma baya.”

“Babban R, shinge, t.”

“Shinge haka tsirara?”

Ya matsa ya duba.

Yaya ta tuna wurin sarai. Jiya ta tsaya a kansa da gilashin agogo, ta kalla ta sake kalla, ta ga sanduna biyu a tsaye da wani abu a gicciye, ta ce babban H ne, ta wuce. Ɗan abin Auta kuwa ƙulli da danginsa kawai ya sani, bai damu da shinge ba. Da an bar shi haka, ƙarshen wata mabuɗin zai isa guntu, rahoto ya ƙi fitowa, Sista ta sake kira.

“Wannan kam nawa ne,” ta ce.

“Yaya, wannan bai karya komai ba. Abin da ya tsayar da saƙo nawa ne.”

“Cewa na yi in aka samu kuskurena a ciki. An samu.”

“Wa ya samu? Ni na karanta shi ban ji komai ba. Ke kika kama.”

“Kunnena ya kama, idona ya sake shi. Da idon muka yi alkawari.”

Ka ji fa. Jiya shi ke cewa ta bari ita ta ƙi, yau ita ke cewa ta bari shi ya ƙi. Suka yi ta ja har mai fenti ya leƙo daga matakala ya tambaya ko lafiya, suka ce masa lafiya lau, a tare. Da ya koma, Yaya ta jawo jakarta, ta zazzage ta a kan tebur: laima, kwalin magani, makullai, alawar jikoki, can ƙasa sai ga takardar likita ta yamutse. Ta miƙa wa Auta.

“Akwai lamba a jiki, ni ba na ganinta. Kira min su ka ce a sa min rana. Kuma kai za ka raka ni. Maigidan nan in ya ga allura shi za a fara yi wa fifita.”

“Zan riƙe miki hannu.”

“Ka riƙe jaka dai.”

Kafin su tashi ranar, Yaya ta kafa doka, kuma har yau ita ake bi a ɗakin. Fayil ɗin saiti hannu ɗaya ke taɓa shi, kuma a gaban ɗayan. Wanda ya buga ya karanta da baki, ɗayan ya saurara. Babu taimakon ɓoye. Duk adireshin da aka sa wa riga, a rubuta ɗan bayani a samansa cewa an sa, don kada wani mai kirki ya zo daga baya.

An yi aikin idon dama, ya yi kyau. Abin da ta fara cewa da aka cire bandeji shi ne ashe bangon ofis ɗin nan haka ya yi datti, a saman shagon fenti kuma. Na hagun yana jiran nasa lokacin, tana ta cewa sai wata mai zuwa. Tana karanta jarida yanzu, tana gane mutane tun daga tsallaken titi, amma ƙananan alamomin nan suna gajiyar da ita, kuma tun ranar ba ta sake buga adireshi da hannunta ba. Ta jawo kujerarta gefen teburin Auta. Shi ke bugawa yana karantawa, ita tana jingine, ido a rufe, kofi a hannu. Wani lokaci ya yi zaton barci ya ɗauke ta, ya ɗan ƙara sauri, sai ya ji, “Koma baya.”

In ka tambaye ta, za ta ce maka ta cika alkawari, ta bar wa Auta fayilolin. In ka tambaye shi, zai ce maka shi ɗan bugu ne kawai, babu harafin da ke shiga sai ya bi ta kunnen Yaya. Maigidan kuwa ya ce kada a sa shi a ciki, shi a mayar masa da gilashinsa.

To kai da ka zauna ka ji daga farko, me ka gani: Yaya ta bar fayilolin nan ne, ko har yanzu suna hannunta?